Rage Ƙiba Daga Tukunyar Gida

Ƙiba ta daɗe da daraja a ƙasar Hausa. Idan aka ce wane ya yi ƙiba, yabo ake nufi. Ana nufin ya samu hutu, hankalinsa a kwance, tukunyar gidansa ba ta sauka daga murhu. Amarya idan ta yi wata uku a ɗakinta ba ta murje ba, sai dangi su fara tambaya ko lafiya. Wannan fahimta tana da tushe. Mutanen da suka ga fari, suka ga yunwa, suka ga yaro yana ƙanjamewa a hannun uwarsa, dole su ɗauki cikar jiki a matsayin alheri. Har yau tamowa tana nan a arewacin Najeriya da kudancin Nijar. Sai dai wata matsalar ta zo ta zauna kusa da ita. A unguwa ɗaya, wani lokaci ma a gida ɗaya, ana samun yaro mai tamowa da magidanci mai tumbi da hawan jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana fama da ƙiba mai cutarwa. Talaka yana ciki, mai kuɗi yana ciki.

Da farko, wace irin ƙiba ce abin damuwa? Kitse ba iri ɗaya ba ne. Wanda ke ƙarƙashin fata a cinya da mazaunai bai kai wanda ke taruwa a ciki haɗari ba. Kitsen ciki yana lulluɓe hanji, yana shiga hanta. Shi ne ya fi alaƙa da ciwon suga da hawan jini da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Nauyi kuma yana cin gwiwa, yana jawo minshari da katsewar numfashi cikin barci. Akwai hanya mai sauƙi ta gane inda aka tsaya, ba sai da sikeli ba. A samu zare ko igiya. A auna tsayin mutum daga tafin ƙafa zuwa tsakiyar kai. A ninka zaren biyu, a zagaya ciki da shi ɗan sama da cibiya. Idan bakin zaren ya haɗu, alhamdulillahi. Idan ya ƙi haɗuwa, kitsen ciki ya fara yawa. Ƙa'idar likitoci ke nan: zagayen ƙugu kada ya wuce rabin tsayi.

To, ga ginshiƙin wannan sharhi, masu sauraro. Ƙibar da ta taru cikin shekaru, a hankali take sauka. Kuma abin da ke saukar da ita shi ne ɗabi'ar da mutum zai iya riƙewa har tsufansa. Za a ji wannan magana tana dawowa, domin duk sauran bayanin a kanta yake tsaye.

Me ya sa horon yunwa ba ya ɗorewa? Amsar tana cikin halittar jiki. A shekarar 1944, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, wani masani mai suna Ancel Keys ya fara wani gwaji a Jami'ar Minesota ta Amurka. Ya tara samari 36 masu ƙoshin lafiya da suka shiga bisa son ransu. Aka rage musu abinci zuwa kusan rabi na tsawon wata shida. Sun rame ƙwarai, sun zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Amma abin da ya faru da tunaninsu ya fi ramar ban mamaki. Hirarsu ta koma ta abinci. Mafarkinsu ya koma na abinci. Wasu suka shiga tara littattafan girki. Suka zama masu saurin fushi, masu jin sanyi, marasa kuzari. Da aka sakar musu abinci, da yawansu suka kasa tsayawa. Suna ci, cikinsu ya cika, amma ransu bai ƙoshi ba. A ƙarshe kitsen jikinsu ya zarce wanda suke da shi kafin gwajin.

Waɗannan samari ba ragwaye ba ne. Jikinsu ne ya yi aikin da aka halicce shi ya yi. Jiki bai san bambancin fari da niyyar rage tumbi ba. Idan abinci ya yanke, sai ya ɗauka yunwa ta sauko gari. Sai ya rage ƙona abin da ya adana, ya ƙara kiran abinci. A shekarar 1994 masana a birnin Niyok suka gano wani sinadari mai suna leptin, wanda kitse ke aikawa ƙwaƙwalwa domin sanar da ita cewa rumbu a cike yake. Idan kitse ya ragu da sauri, saƙon yana raunana. Ƙwaƙwalwa ta ji rumbu ya yi ƙasa, sai ta tayar da yunwa da kwaɗayi.

An sake ganin haka a zamanin nan. A Amurka an yi wata gasar talabijin ta rage ƙiba, inda masu gasar ke zubar da kilo masu yawa cikin 'yan watanni da yunwa da motsa jiki mai tsanani. Wani mai bincike, Kevin Hall, ya bi sawun 14 daga cikinsu, ya fitar da sakamakon a shekarar 2016. Bayan shekara shida, kusan dukansu nauyi ya dawo musu, wasu har ya zarce na da. Jikinsu kuma yana ƙona abinci ƙasa da yadda ya kamata ga mai irin girmansu. Duk wanda ya taɓa ramewa ya sake cika, ya kamata ya ji wannan da kyau, ya daina zargin kansa. Hanyar ce ta gaza.

Akwai wani ruɗin kuma. Mutum ya daina cin tuwo da shinkafa mako ɗaya, ya hau sikeli, ya ga kilo biyu ko uku sun tafi. Murna ta kama shi. Mafi yawan abin da ya tafi ruwa ne. Jiki yana adana wani nau'in sukari a hanta da tsoka, kuma tare da ruwa yake adana shi. Idan ajiyar ta ƙare, ruwan ya fita. Ranar da aka koma ga tuwo, ruwan ya dawo. Kitse na gaskiya a hankali yake narkewa. Shi ya sa likitoci ke cewa rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako ya wadatar.

Daga nan sai batun magunguna, domin kasuwarsu ta buɗe sosai. Ana tallan shayin rage tumbi a waya, a kasuwa, a motar haya. Da yawan irin wannan shayi ganyen filasko ne a ciki, ko wani abu mai sa zawo ko yawan fitsari. Mai sha yana ganin cikinsa ya faɗa, alhali ruwa da gishirin jikinsa ne suka zube. Kitsen yana nan inda yake. Yawan yin haka yana galabaitar da hanji da ƙoda. A ƙasashe da dama an sha kama kayan rage ƙiba da aka ce na ganye ne zalla, ashe an cusa musu sibutramin, maganin da aka janye daga kasuwar Turai da Amurka a shekarar 2010 saboda haɗarinsa ga zuciya. Ɗaya ɓangaren kuma ya fi ban tausayi. 'Yan mata da matan aure suna shan ƙwayoyin da ake kira sha ka fashe domin su yi ƙiba. Wasu daga cikin ƙwayoyin, irin su dezametason, maganin wasu cututtuka ne masu nauyi. Shan su ba bisa umarnin likita ba yana kumbura fuska, yana tayar da suga da hawan jini, yana raunana ƙashi. Wannan kumburi ne, kuma cuta ce. Akwai sababbin allurai na gaskiya, irin su Ozempic da Wegovy, waɗanda ke rage yunwa, kuma suna aiki. Amma suna da tsada, sai da kulawar likita, kuma bincike ya nuna mafi yawan nauyin yana dawowa cikin shekara guda idan aka daina. Ko da allura, sai an koma ga ɗabi'a.

To nawa ya kamata a rage? A nan akwai albishir. Ba sai mutum ya koma jikinsa na samartaka ba. A shekarar 2002 aka fitar da sakamakon wani babban bincike a Amurka, a kan mutum sama da 3,000 da ke bakin kamuwa da ciwon suga. Wasu aka ba su maganin metfomin. Wasu kuma aka koya musu gyara cin abinci da tafiya a ƙasa ta kusan rabin awa, kwana biyar a mako, da burin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu. Maganin ya rage kamuwa da cutar da kusan kashi ɗaya cikin uku. Gyaran ɗabi'a kuwa ya rage ta da fiye da rabi. Ga mai kilo 90, kashi 7 ɗin nan kimanin kilo shida ne kacal. Kilo shida da aka rage aka riƙe sun fi kilo ashirin da za su tafi su dawo.

Yanzu sai a shiga madafa, masu sauraro, domin a can aikin yake. Wuri mafi sauƙin farawa shi ne abin sha. Ƙaramar kwalbar lemo tana ɗauke da sukari kusan ƙaramin cokali takwas. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada babban mutum ya wuce kamar cokali goma sha biyu a yini, in da hali ma rabin haka. Kwalba ɗaya ta cinye mafi yawan rabon yini, kuma ba ta ƙosar da kowa. Wannan na cikin dalilan da suka sa Najeriya ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan lemuka a dokar kuɗi ta 2021. Amma sukari ba a kwalba kaɗai yake ba. Yana teburin mai shayi, inda ake zuba madarar gwangwani da sukari har cokali ya kusa tsayawa. Yana cikin zoɓo da kunun aya da kunun zaƙi da fura. Waɗannan abubuwan sha masu kyau ne tun asali, hannun mai zuba sukari ne ya yi nauyi. Idan ana rage cokali ɗaya duk mako, harshe yana sabawa. Bayan wata biyu, shayin da aka saba sha a da sai ya ji wa mutum zaƙi har ya ƙi shi.

Sai mai. Mai ya ninka hatsi fiye da sau biyu wajen ƙarfin da yake ba jiki, kuma ba ya cika ciki. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja yana ɗaukar tafiyar kusan rabin awa kafin a ƙone shi. A gidaje da yawa ana ganin miya ba ta yi ba sai mai ya taso ya kwanta a kanta. Ana tuntsura galan a tukunya da ido, ba a aunawa. Uwargida da ta koma auna mai da cokali ta taimaki mutanen gidanta gaba ɗaya, ta kuma rage kuɗin cefane. Waken da ake soyawa ƙosai, shi ne ake dafawa alale. Kifin da ake soyawa, ana iya gasa shi. Tsire da balangu ba laifi, in an bar kitsen a takarda.

Tuwo fa? Tuwo ba abokin gaba ba ne. Kakanni sun rayu a kan gero da dawa da acca, kuma ƙiba ba ta dame su ba. Abin da ya canja shi ne girman malmala, da yawan surfe, da ƙarancin aikin ƙarfi. Dusar da ake surfewa a ba dabbobi, ita ce ke sa abinci ya daɗe a ciki, ya hana suga hawa da sauri. Farar shinkafa da taliya da burodi da fulawa ba su da ita. Gyaran mai sauƙi ne a faɗa. A rage malmala, a ƙara miya. A bar ganye ya cika rabin kwano. Ƙasar Hausa tana da arzikin ganye da ba a yaba masa yadda ya kamata: zogale da rama da yakuwa da alayyahu da lansir, ga kuka da kuɓewa da kabewa. Kwaɗon zogale da dambu mai ganye da fate abinci ne da likitan ko'ina zai sa wa hannu. Wake kuma ya cancanci babban matsayi. Yana ƙosarwa, yana gina tsoka, ya fi nama araha. Shinkafa da wake da wakensa ya rinjayi shinkafar ta fi shinkafa zalla nesa ba kusa ba.

Abincin leda da na kwali kuwa, shi ma Kevin Hall ya gwada shi a shekarar 2019. Mutum 20 aka ajiye, aka ba su abincin masana'anta na mako biyu, da girkin gida na mako biyu, aka ce kowa ya ci ya ƙoshi. A makonnin abincin masana'anta sun ci fiye da ƙima ba tare da sun lura ba, nauyinsu ya ƙaru. A makonnin girkin gida nauyin ya sauka. Irin wannan abinci yana da laushi, yana wucewa da sauri, kafin ciki ya aika saƙon ƙoshi an riga an zarce. Saƙon ƙoshi yana ɗaukar kamar minti ashirin kafin ya isa. Mai ci a natse, yana taunawa, yana jin sa. Mai ci a tsaye ko yana kallon waya ba ya ji.

Akwai abin da ya keɓanta da zaman gidan Hausa. Tukunya ɗaya ake ɗorawa, sau da yawa kuma kwano ɗaya ake sa wa hannu. Wanda ya ce zai ware girkinsa shi kaɗai ba ya daɗewa, ga tsada, ga surutun mutane. Shi ya sa gyaran ya fi kyau ya shiga tukunyar kowa. Maigida mai cefane da uwargida mai girki su yi shawara. Idan aka rage mai da gishiri da dunƙulen ɗanɗano, aka ƙara daddawa da ganye, babu wanda ya cutu a gidan, har yara. Watan azumi ma abin lura ne. Wasu mutane suna fita daga azumi da nauyin da ya fi wanda suka shiga da shi, saboda buɗa baki ya zama gasar soye-soye da zaƙi. Wanda ya buɗe baki da ruwa da dabino, ya yi sallah, ya dawo ya ci a natse, ba ya cika ciki kamar wanda ya faɗa wa tire da yunwar yini.

Daga madafa sai motsa jiki. A da ba a san shi da wannan suna ba, domin rayuwar ce motsi. Ana noma, ana daka, ana niƙa, ana jan guga, ana zuwa kasuwa a ƙasa. Yau injin niƙa ya karɓi aikin turmi da dutse, babur da adaidaita sahu sun karɓi aikin ƙafa. An samu sauƙi, kuma sauƙi abin godiya ne. Amma jikin bai canja ba, yana neman motsinsa. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce aƙalla minti 150 a mako, wato rabin awa a kwana biyar. Tafiya da ɗan sauri ta isa, irin wadda numfashi ke ɗan hawa amma ana iya magana. Ba sai an yi ta a lokaci ɗaya ba. Minti goma zuwa masallaci mai ɗan nisa, minti goma bayan cin abinci, sauka daga mota kafin a isa, duk suna taruwa. A lokacin zafin bazara, bayan asuba ko gab da magariba ya fi, kuma a sha ruwa. Matan da ba sa fita suna da tsakar gida. Zagaya ta, tashi da zama daga kujera sau goma sha biyar, ɗaga galan na ruwa, duk motsa jiki ne. Irin wannan aikin ƙarfi, sau biyu a mako, yana kare tsoka, kuma tsoka ce ke shanye sukarin jini.

A nan akwai gaskiyar da ya kamata a faɗa. Motsa jiki shi kaɗai ba ya rage nauyi da yawa. Lemon da aka sha cikin minti biyu yana buƙatar tafiyar sama da rabin awa. Amfanin motsi yana wani wuri. Yana saukar da hawan jini da suga ko da sikeli bai motsa ba. Yana gyara barci, yana sanyaya rai. Kuma shi ne mai gadin nauyin da aka rage. Tun 1994 ake tara bayanan dubban Amurkawa da suka rage nauyi mai yawa suka riƙe shekaru. Hanyoyinsu sun bambanta, amma mafi yawansu suna motsa jiki kullum, galibi da tafiya a ƙasa, kuma suna duba nauyinsu a kai a kai. Abin da za su iya ci gaba da yi suka zaɓa.

Saura tunani, masu sauraro, kuma nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. Mai neman rage ƙiba yakan raba abinci gida biyu, mai kyau da mugu. Ya haramta wa kansa waina da cincin da naman sallah. Ranar biki ko suna ya ci, sai ya ce ai shi ke nan ya karya, ya saki jiki har wata guda. Cin biki na rana ɗaya ba ya sa ƙiba. Watsar da hanya bayan bikin ne ke sawa. Wanda ya ci waina a gidan suna, ya gode wa Allah, ya koma tsarinsa a abinci na gaba, bai yi asarar komai ba. Haka motsa jiki. Idan aka mayar da shi horo saboda an ci abinci, rai zai ƙi shi. Idan tafiya ce da aboki ana hira, ana ɗokin ta.

Yana da kyau mutum ya riƙa tambayar kansa kafin ya miƙa hannu: yunwa ce ko damuwa? Ɓacin rai da kaɗaici da zaman banza suna tura mutum ga abinci, musamman mai zaƙi. Ƙarancin barci ma yana yin haka, domin yana ƙara sinadarin yunwa a jini. Mai kwana yana latsa waya yakan tashi da kwaɗayi. Sannan akwai bakin mutane. Gori da tsokana ba su taɓa ramar da kowa ba. Mijin da ke yi wa matarsa gorin ƙiba bayan haihuwa, ko iyayen da ke kiran yaro da sunan zolaya, suna ƙara masa nauyi ne a zuciya, kuma zuciya mai nauyi abinci take nema. Wasu 'yan mata daga nan suke fara ƙin cin abinci ko tilasta wa kansu amai, cutar da ke iya kisa. Gida mai son taimakawa yana gyara tukunya ne, yana raka mutum tafiya. Sikeli kuma sau ɗaya a mako ya isa, da safe, domin nauyi yana hawa da sauka kullum saboda ruwa. Akwai alamun da suka fi shi faɗar gaskiya: zaren nan da ya fara haɗuwa, wando da ya saki, gwiwa da ta daina ƙara a ruku'u, hawa bene ba tare da haki ba.

Kafin a rufe, masu sauraro, wannan bayani bai shafi kowa daidai ba. Mai ciki da mai shayarwa da yara masu tasowa ba a rage musu abinci sai da shawarar ma'aikacin lafiya. Mai shan maganin suga ko yin allurar insulin ya sanar da likitansa kafin ya rage ci ko ya ƙara motsi, domin suga na iya faɗuwa ƙasa ya jawo suma. Mai ciwon zuciya ko ciwon ƙirji shi ma ya fara da asibiti. Wanda kuma ya ga yana ramewa ba tare da ya nema ba, ga yawan ƙishirwa da fitsari, ko tari da ya ƙi ƙarewa, kada ya yi murna. Wannan na iya zama ciwon suga ko tarin fuka ko wata cutar, ya hanzarta a duba shi. Sauran jama'a kuwa, idan an je asibitin unguwa ko kantin magani a wannan mako, a miƙa hannu a auna hawan jini, a nemi gwajin suga in da hali. Idan an dawo gida, a nemi zaren nan a gwada, maigida da uwargida tare. Allah ya ba mu lafiya mai amfani.